Ƙwayar Cutar da Ta Manta Hanyar Sauro

Tanti Bilounga, ki taimake ni da shawara, domin baƙin ciki na neman sa ni yin abin da zan yi da-na-sani.

Ɗaliba ce ni a nan Yawunde, ina digiri na uku. Aikina a kan ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne, irin wadda ke kama ɓeraye. Ina bin ƙwayoyin gadonta in ga waɗanne ke farkawa idan tana shirin barin jinin ɓera ta shiga cikin sauro. A ƙauyenmu likitar ɓeraye suke ce mini, har da mahaifiyata, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba sai bana.

Ƙa'idar aikin ita ce lokaci-lokaci a bar sauro ya ciji ɓera mai cutar ya kai wa wani. Duk ɗan sana'ar nan ya san idan aka yi ta ɗibar jini da allura daga wannan ɓera zuwa wancan, ƙwayar takan daina shirin shiga sauro kwata-kwata. To, ɗaukewar wuta ta kashe sauron da muke kiwo. Na roƙi Farfesa Mvondo, mai duba aikina, a sake kafa ɗakin kiwon sauron. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wanda ke cizona a gida bai ishe ni ba, sai na yi renon wani a ofis? Ku yi da allura." Da na sake komawa ya ce na cika son wahala.

Haka na yi ta jiran ƙwayoyin gadon nan su farka, shiru. Na zargi hannuna, na zargi kayan aiki, na rame, ko bikin ƙanwata ban je ba. Da muka aika ƙwayar ƙasar waje aka karanto mana ƙwayoyin gadonta, sai ga shi wurin da ke buɗe mata hanyar sauro ya lalace tuntuni.

A taron sashenmu Farfesa ya ce wasu ba su iya riƙon amana ba, yana kallona. Washegari ya saya mini gasasshen kifi da rogo, ya ce mu rubuta a takardar binciken cewa da gangan muka yi, don mu ga yadda ƙwayar ke lalacewa, sunansa a gaba. In na sa hannu, bana zan gama. In na ƙi, sai da yardarsa za a ba ni digirin, kuma ba ya mantuwa. Na tsane shi, Tanti, na kuma tsani kaina da na cinye kifin.

Likitar Ɓeraye, Yawunde

'Yata, kifi dai kin ci, ya wuce, kada ki ƙara shi cikin damuwarki.

An zalunce ki, ba na musu. Amma ki lura, mutumin nan kunya ce ke cinsa. Ya san ke kika yi gargaɗi, shi ya sa ya riga ki magana a taro. In kika tona shi a bainar jama'a, zai yaƙe ki da duk ƙarfinsa, kuma ya fi ki.

Abin da kuka gano ba ƙarya ba ne, ƙwayar ta lalace kuma kun ga inda ta lalace. Ƙaryar tana cikin "da gangan" kawai. Ki same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ki ce za ki rubuta yadda abin ya faru: sauro ya mutu, aka koma allura, ga abin da ya biyo baya. Ba sai kin ambaci wanda ya ba da umarni ba. Batun jerin sunaye, ki bari wani malami da Farfesa yake jin nauyinsa ya shiga tsakani. Ki kuma nemi sabuwar ƙwaya daga wani ɗakin bincike tun yanzu.

Yana iya ƙi, kina iya ƙara shekara, ba zan ɓoye miki ba. Amma shi ya kusa ajiye aiki, ke kuwa da sunanki za ki ci abinci har tsufa. Lokacin da ya ce a bi ta allura, ba ki da iko. Wannan karon hannunki ake nema, kuma naki ne.

Allah ya sanyaya miki zuciya, likita.

Tanti Bilounga