Na Rufe Wa Kawuna Ƙofar Jirgi

Tanti Lubabatu, don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji har ban san ta inda zan soma ba.

Ni 'yar Tibiri ce, amma a Dogon Dutsi na yi lakwal, wato makarantar boko. Yanzu shekara shida ke nan ina aiki a Yamai, a wani kamfanin jiragen sama mai rahusa. Da na shiga, jirgi ɗaya gare mu, shi ma na haya, mu goma sha biyu ne ma'aikata. Ni ke sayar da tikiti, ni ke auna kaya, wani lokaci ni ke shiga in share jirgi kafin wasu fasinjoji su hau. Yau jiragenmu biyar, muna zuwa Agadas da Damagaram da Difa, har da ƙasashen maƙwabta. Rahusar tamu ba ta wani asiri ba ce. Ba ma ba da abinci, kaya in sun wuce kima sai an biya, jirgi kuma ba ya wuce minti talatin a ƙasa. Saboda haka ake rufe gishe, wato teburin rajistar fasinjoji, saura minti arba'in a tashi, ko wane ne ya makara.

Wata biyu da suka wuce, kawuna Abdulmajid, yayan innata, zai je Agadas ɗaurin auren ɗansa Saminu. Wannan kawun shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya hana a cire ni daga lakwal. Bai taɓa hawa jirgi ba, ni na lallashe shi. Ya taso tun asuba, motarsu ta lalace bayan Doso, ya iso an rufe gishe da minti goma. Ni ce a wurin ranar. Na kira shef ɗinmu, shugaban aikinmu, har sau biyu ina roƙo, ya ce an riga an miƙa wa matuƙi sunayen fasinjoji da nauyin kaya. Layi ya cika, mutane na kallona, sai na ji bakina ya faɗa wa kawu abin da nake faɗa wa kowa, da Faransanci, har na kira shi musye. Ya ɗauki jakarsa ya fita. Jirgi na gaba sai bayan kwana uku. An ɗaura auren ba shi.

Tun ranar ba ya ɗaukar wayata. Inna ta ce ko dai in bar aikin da ya sa na manta mutane, ko in daina zuwa mata gida. Ga shi kamfani zai buɗe ofis a Damagaram, sun ce ni za su ba shugabanci. Shekara shida ina jiran wannan, amma ko murna ban iya yi ba. Ƙafafuna kullum a kumbure, Salla uku ban yi a gida ba. In bar aikin ne, Tanti?

Wadda ta gaji, daga Yamai

Ɗiyata,

Ki fara hutawa. Wadda ta yi Salla uku a bayan gishe ba ta cikin halin yanke shawarar barin aiki, ba ta kuma cikin halin karɓar sabon matsayi. Ki nemi kwanje, hutun aiki na mako guda, kafin ki ba kamfani amsa. In har suna ganin kin isa ki riƙe musu ofis, za su iya jiran ki kwana bakwai.

Rufe ƙofar ba laifinki ba ne. Da kin buɗe wa kawunki, gobe sai ki buɗe wa kawun wani, mutum ɗari kuma su zauna cikin jirgi suna jira. Kin roƙa, an hana ki, iyakar ikonki ke nan.

Amma ban ga alamar jirgin ne ya fi ɓata wa kawunki rai ba. Dattijo ne da ya sha hanya tun asuba, ya shigo wurin da bai sani ba, fuska ɗaya ce ya sani a cikin taron, ita kuma ta yi masa magana kamar baƙo. Ba ki zagayo kin gaishe shi ba, ba ki karɓi jakarsa ba. Ina kuma zargin har yau bai san kin kira shef ɗinki sau biyu ba. Wannan kuskuren naki ne, kuma ba ya gyaruwa ta waya.

Ki hau mota ki tafi Tibiri. Ki nemi wani babba da kawunki ke jin kunyarsa ya raka ki. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri da Hausa, kada ki kawo masa dokar kamfani sai in shi ya tambaya. In bai sake ba ranar, ki kwana ki koma da safe. Ki kira Saminu da amaryarsa su ma, don su ne aka ɗaura wa aure babu uba a wurin.

Innarki kuwa, tsakanin yayanta da ɗiyarta take, shi ya sa maganarta ta yi zafi. In kawu ya huce, zan yi mamaki in ta sake tayar da zancen barin aiki.

Game da Damagaram, ki tambaye su a rubuce: mutum nawa za su ba ki, kwana nawa ne hutunki a wata. In ke kaɗai za ki riƙa yin aikin mutum uku, ki ce a'a ba tare da jin kunya ba. In sharuɗɗan sun yi, ki karɓa, amma kawunki ya fara ji daga bakinki, a tsakar gidansa.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya ba ki lafiya da hutu.

Tanti Lubabatu