Tarun Baba a Ƙarƙashin Gada

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Baba da yara. Mu nan lafiya lau, sai aiki.

Na zaɓi in rubuto ne saboda duk lokacin da na ɗauko maganar nan a waya, sai ki yi dariya ki ce ƙarar keken ɗinki ta hana ki ji. Takarda dai sai kin karanta.

Na nuna wa likitan ƙirji na asibitinmu sakamakon gwajin Baba. Ya ce tarin nan ba zai rabu da shi ba muddin yana kwana da warin kogin da ke bayan tagarsa. Ke ma kin sani, abin da ke bayan gidanmu ya daina zama kogi, ya zama babbar kwata. Saboda haka na gyara masa ɗaki a nan, na sayi gado da katifa. Da zarar damina ta kama, wari zai ninka, sauro ya ƙaru. Kafin nan zan zo da mota in ɗauke shi.

Na san zai ƙi. Maganarki yake ji, don Allah ki lallaɓa shi.

Ki gaishe shi da kyau, ki gaida yara.

Ƙaninki,
Auta

*

Autan Baba,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso ta hannun direban bas, cikin ambulan mai tambari, har gabana ya faɗi, na ɗauka sammaci ne. Muna lafiya, yara suna gaida kawunsu.

Na karanta wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "A wane hawa ɗakin yake?" Na ce na uku. Ya ce, "To ni tantabara ce?"

Akwai abin da likitanku bai gani a gwaji ba. Yanar idon Baba ta yi kauri, yanzu da ƙafa yake ganin gidan nan. Taki bakwai daga gado zuwa ƙofa, goma sha biyu zuwa famfo, ashirin zuwa dutsen bakin kogi inda yake shan hantsi. In ka kai shi bene, ranar ce zai makance da gaske. Kuma shekara arba'in ya yi yana kamun kifi a ruwan nan, da kifinsa ka yi karatun da kake yi mana taƙama da shi. Kunyar kogin yake ji, ya gudu ya bar shi a wannan hali. Ni ma in faɗa maka gaskiya ba na so ya tafi. Tun rasuwar uban yara da na dawo gida, tarinsa na safe ne ke gaya mini ba ni kaɗai ba ce.

Amma ba gardama kawai na kawo ba. Malama, wadda ta koya maka lissafi da jan kunne, ta yi ritaya, ta rasa waɗanda za ta tsawata wa, sai ta tara unguwa. Asabar mai zuwa kowane gida da ke bakin kogi zai fito aikin gayya. Bakanike ya ba da baro biyu, Mai Kanti ya ba da buhuna, ni kuma na ɗinka safar hannu da ragowar yadin labule mai furanni. Da ka ga Bakanike da furanni a hannu, da ka yi dariyar da ka daɗe ba ka yi ba.

Ka ba mu zuwa ruwan farko. In wari bai ragu ba, ni da kaina zan haɗa masa kaya.

Ka gaida matarka, ka kuma ci abinci, na ga hotonka duk wuya.

Yayarka

*

Auta,

Sallama. Zan gaya maka da kaina kafin wani ya riga ni. Baba ya kwana biyu a asibiti, amma ya dawo, yana cin abinci, har yana faɗa. Ka kwantar da hankalinka ka karanta.

Ranar Asabar unguwa ta fito ƙwai da ƙwarƙwata, na ji daɗi har na yi ƙwalla. Malama ta raba aiki yadda take raba sharar aji: kowane gida ya gyara bayan gidansa, daga katanga zuwa katanga. Kowa ya ce ya yi. To ka san mu da shara, in ka share ƙofar gidanka sai ka tura gaba. Haka aka yi. Kowa ya sa manjagara ya tono leda da robobi da tsummoki da suka shekara a laka, abin da ya shiga buhu ya shiga, sauran ya tunkuɗa tsakiyar ruwa, ya ga bayan gidansa tas, ya koma yana murna.

Ba wanda ya tuna gidan wa ke ƙarshe, a kwanar da ruwa ke rage gudu. Kafin la'asar dattin gida sittin ya taru a ƙarƙashin tagar Baba, har da wata katifa da kan 'yar tsana. Warin da aka tono daga laka kuwa ban taɓa jin irinsa ba. Kafin magariba numfashinsa ya sarƙe, Bakanike ya ɗauke mu a motar wani da yake gyarawa.

Da Malama ta zo dubiya, ta kasa ɗaga kai. Baba na kwance da abin shaƙa a hanci, ya janye shi ya ce, "Malama, ke da lissafi, ba ki lissafa ruwa yana tafiya ba?" Ta ce, "Wallahi Baba na ɗauka tsakar gida ce."

Laifina ne ni ma, ina tsaye aka yi. Ka yi mini faɗan da za ka yi, na cancanta.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na gode da ba ki ɓoye mini ba.

Na karanta takardarki a ɗakin magani, na kasa ƙirga ƙwayoyin da ke gabana, sai da abokin aikina ya karɓe ni. Ba faɗa zan yi ba. Tsoro nake ji. Lokacin rasuwar Inna ina nan nesa, sai waya aka yi mini. Ba zan iya ɗaukar irin wannan waya sau biyu ba.

Kuma ba ni da bakin zagin kowa. Kin tuna lokacin da Inna ke aike na kai shara juji a bayan kasuwa, ina dawowa da wuri tana yaba mini sauri? Ban taɓa isa jujin ba. Daga kan gada nake juye bokitin, shekara da shekaru. Wataƙila cikin abin da ya taru a tagar Baba akwai nawa.

Duk da haka maganata tana nan. Na karɓi hutu, ranar ashirin ga watan gobe zan iso da mota. Ki fara sa masa a rai.

Ki ce masa ina duba shi.

Ƙaninki,
Auta

*

Ɗan gudun juji,

Sallama da gaisuwa. Sirrinka ya tsufa. Na karanta wa Baba, ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce yana cikin kwalekwale a ƙasan gada yake ganin ka, sau ɗaya ma ɓawon albasa ya sauka masa a hula, ya ƙyale ne don kada Inna ta zane ka.

Yanzu ga labari. Washegarin sallamarsa ya ce in hau kujera in sauko masa da buhun da ke saman sif. Ka san buhun, wanda ko taɓa shi muka yi muna yara sai mun sha harara. Tarunsa ne, babbar ragar nan da ya saƙa da hannunsa shekarar da ya auri Inna. Tun da kifi ya ƙare ya naɗe ta, duk shekara yana shanya ta yana mayarwa. Na ce, "Baba, me za a yi da shi?" Ya ce, "Kamu." Na ce, "Ai babu kifi." Ya ce, "Akwai leda. Kira mini Malama."

Ya zaunar da su a tsakar gida, ita da Bakanike da Mai Kanti, kamar 'yan aji ɗaya. Ya ce mai kamun kifi ba ya bin kifi gida-gida, yana zuwa inda ruwa ya tsuke ne ya jira shi. Ruwan nan a ƙarƙashin gada ya fi tsukewa, can sama da gidajenmu duka. A ɗaure taru a can, abin da ya taho daga cikin gari ya tsaya. Sannan a fara gyara daga gada a gangaro, kowa da kowa a wuri ɗaya, kuma abin da aka tono ya hau tudu. Ba sauran bayan gidana da bayan gidanka.

Auta, na kama hannunsa na ce, "Baba, zai lalace fa." Ya shafa ragar ya daɗe, ya ce, "A saman sif ma lalacewa yake yi."

Mun ɗaura. Bakanike ya kafa ƙarafa biyu a gefen gada, muka jera robobin ruwa a bakin tarun don ya yi iyo, tsofaffin ƙusoshin inji a ƙasa don nauyi. Kowace safiya gida biyar ke jan taru. Baba na zaune a kujera a kan gada, igiya a hannunsa, da nauyinta yake gane ya cika. Ka ji shi yana daka wa Mai Kanti tsawa, "Ja da baya, ba da ciki ba!" Ranar farko buhu talatin da ɗaya muka kwashe. Malama ta yi sintiri a ofishin masu kwasar shara har suka gaji da ganin ta, yanzu motarsu na zuwa Talata da Asabar. Bakanike kuma, ba wanda ya yi masa magana, ya ajiye duro yana tara baƙin mai, ya daina zubawa a magudana. Ya ce tun ranar da ya ɗauki Baba a mota bai ƙara iya kallon kwatar garejinsa ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ruwa bai yi fari ba, akwai sauran wari da rana tsaka. Amma mun iso kwanarmu, an kwashe katifar, kuma jiya Baba ya bar taga a buɗe.

Ka zo ka gani da idonka kafin ka yanke.

Yayarka

*

Auta,

Ni ne ubanka. Yayarka ke rubutawa, na ce kada ta ƙara gishiri.

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Allah ya yi maka albarka.

An yi ruwan farko shekaranjiya, mai ƙarfi. Ya kwaso shara daga cikin gari har da kututture, taru ya yage a wuri uku. Yayarka ta yi kuka. Ni ban yi ba, taru da ma yagewa yake yi. Mun shimfiɗa shi a tsakar gida, na koya mata ƙullin, ta koya wa matan layi, su tara. Hannun masu ɗinki ya fi na masunta sauri, sai dai surutu. Rabin zaren nawa ne, rabi nasu. Mun mayar da shi jiya.

Yau da hantsi ina kan dutse na ji fukafukai masu nauyi sun sauka a tsallake. Na tambayi yayarka, ta ce wani tsuntsu ne dogo mai ruwan toka, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa. Zalɓe ke nan. Shekara goma sha takwas rabona da shi. Ba ya tsayawa don kallo, akwai abin da ya gani a ƙasa.

Tari yana nan, amma ya ragu, ina kaiwa asuba ban tashi ba. Na san tsoron da kake ji. Ni ma ina jin sa, in mutu ba ka kusa. Amma in ka ɗauke ni yanzu, ba wanda ya san nauyin igiyar nan sai ni, ban gama koya musu ba. In ka zo ka ce lallai sai na bi ka, zan bi ka, ba zan ba ka kunya ba. Roƙonka nake yi.

Ubanka

(Auta, gishiri ɗaya zan ƙara. Da ya faɗi kalmar ƙarshe ya juya fuska bango. Yayarka.)

*

Baba,

Assalamu alaikum. Na durƙusa ina gaishe ka.

Ranar ashirin ina nan tafe, kuma da motar. Ba ɗaukar ka zan zo yi ba: na ɗaure gadon da katifar a samanta, za su shiga ɗakinka ba tare da an taɓa taki bakwai ɗin nan ba. Na sayo zaren nailan ƙulli goma da takalmin ruwa daidai ƙafata.

Ka ce wa Malama ta sa sunana cikin masu jan taru na safe. Akwai bokitai da yawa da ban kai juji ba.

Ɗanka,
Auta