Likita Ya Ce Abanse

Arlit, daren Talata

Yau ilimina na jami'a ya kunyata ni. Likita ya duba sakamakon da ya zo daga Yamai, ya ce da Faransanci ciwon dajin da ke hanyar abincin Baba ya kai matakin "abanse", wato ya yi nisa. Abin da ya rage shi ne a haɗa shimiyoterapi da iminoterapi, ɗaya ya yaƙi cutar, ɗaya ya tada garkuwar jiki, ko kwana ya ƙaru.

Ni ne tafinta. Ina harhaɗa jimla mai nauyi kenan sai Baba ya yi murmushi. Rayuwarsa duk a tuƙin manyan motocin ma'adinai ta ƙare, inda "abanse" ke nufin hanya ta buɗe, yi gaba.

"Ka ji ko, Musa? An samu ci gaba. Alhamdulillahi!"

Ni da nake gyara wa kowa lafazi a majalisa, na ce, "Na ji, Baba."

Da magariba ya sha rabin kofin kunu, kunun ya wuce lafiya lau. Sannan ya ce in buga Damagaram in yi wa ƙannensa albishir. Wayar tana hannuna har yanzu.