Juma'a Uku da Na Buga da Sunanka

Madarunfa, ƙarshen bazara.

Zuwa ga aminina kuma yayana, Lawali,

Bayan sallama da roƙon Allah Ya yalwata maka makwanci, ina rubuto maka wannan takarda ina sane da cewa babu inda zan jefa ta. Kai da ka yi shekara da shekaru kana rarraba wasiƙun mutane a gidan waya, wannan ba za ta iso hannunka ba. To amma ka san halina: abin da ban rubuta ba, ban cika yarda ya faru ba.

Zan fara da labarin gida, bisa tsari. An yi sadakar arba'in ɗinka lafiya. Yaya Rakiya tana cikin takaba, tana haƙuri. Ta rufe akwatin rediyonka na zaure da tsohon rawaninka, ta ce ni kaɗai ta yarda in ɗaga, tunda ni nake goge hannu kafin in taɓa. Iskar farkon hadari ta tsinke wayar eriya da muka ja daga gawo zuwa dirkar ƙofa. Na ɗaure ta, na auna tsawonta sau uku, ya yi daidai da na littafi. Idi direba yana nan yana cika mana batir a kamiyonsa, babbar motar kayan nan, tsakanin Ɗan Issa da Maradi, bai kuma daina kirana Malam Shafi-Nawa ba, sunan da ka laƙa mini don ba na fara aiki sai na duba ƙasidata. Mushe Haruna, malamin makarantar lekol ta Gabi, ya fito da gwangwanin awon ruwansa. Manoma biyu daga Safo sun zo a amalanke sun ce a sa su cikin ƙungiyarmu ta masu rediyo. Ɗayansu ya tambaye ni ko magana tana jiƙewa idan ta ratsa hadari. Na yi masa dariya, amma da na koma gida sai da na duba. Ƙasidar ba ta faɗa ba. Kai me za ka ce masa?

Tafki ya ja baya ƙwarai. Masu lambu suna cikin gulbi har yanzu, suna kwashe sauran albasa da tumatir, jakunansu a ɗaure cikin yashi. Ga gabas ta fara yin baƙi. Wannan shi ya kawo ni ga ainihin maganar.

Ba sai na tuna maka aikinmu ba, amma zan rubuta shi don tsari. Malam Nuhu, tsohon ma'aikacin tangaraho, yana zaune can kudu da Katsina, kusa da inda gulbinmu yake tasowa. Ba ku taɓa ganin juna ba. Da rani kuna haɗuwa a iska ran Juma'a bayan la'asar, da damina kuwa kowace safiya, ba da murya ba, da bugun tangaraho ta rediyo. Idan an yi ruwa mai ƙarfi a wajensu sai ya bugo maka, ni in rubuta, in hau keke in faɗa wa mutanen gulbi su fito. Ka tuna shekarar da ruwa ya zo mana da rana tsaka, sama wasai, ko ɗigo bai sauka a nan ba? An fid da jakuna da mata masu wanki kafin ya iso. Duk ƙungiyarmu kai kaɗai kake da takardar izinin bugawa. Mu sauran kunnuwa ne kawai.

Juma'ar farko bayan an kai ka, na shiga zaure don in kwance batir. Ban san me ya sa na kunna ba. Sai ga haruffan kiranka suna fitowa, gajere da dogo, sau uku, a tsaya, a sake. Malam Nuhu ne yake nemanka. Na zauna a gefen hagu inda na saba, na rubuta kiran cikin littafi, na kashe. Juma'a biyu na ƙara yin haka. Idi ya ce bari ya nemi gidansa idan ya shiga Katsina, na hana shi, na ce ba a kai wa dattijo irin wannan labari a bakin tasha. Gaskiyar kuwa, muddin yana kiranka, ina jin akwai sauran wuri guda a duniya inda ba ka mutu ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekara shida ina koyon bugu a ɓoye, da cokali a kan katako, bayan na rufe rumfar gyaran agogo. Takardar neman izini da ka karɓo mini, wadda na ce maka gara ta cinye, tana nan lafiya cikin akwatina. Tsoro nake ji. Ina tsoron in yi kuskure a inda mutanen ƙasashe suke saurare, kuskuren da ba a gogewa.

A Juma'a ta huɗu na koma kan kujerarka, na aza yatsa a maɓallin bugu, na amsa masa da haruffanka. Nufina in ce ka rasu. Sai na ji hannuna ya buga gaisuwar da ka saba yi masa, ina gida, ina zafi. Ya amsa. Ya tambayi tafki, na ba shi labari kamar kai ne. Juma'a uku na yi wannan, Yaya, da sunan mamaci, ba izinin hukuma, ba izininka. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in ce daga biron sufurefe take, ofishin hukuma. Na nemi gafarar Allah, yanzu ina neman taka.

Abu ɗaya ya dame ni a kwanakin nan: kullum sai ya riƙa rage sauri. Da kai yakan zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, da ni kuwa sai ya bi a hankali, yana barin fili tsakanin kalmomi. Na ɗauka tsufa ne ya kama shi, har na rubuta haka a gefen shafi.

Jiya na kasa ci gaba. Na tsara maganar a takarda, na gyara ta sau biyar, na buga masa cewa Allah Ya yi maka rasuwa, kuma mai bugawa ba kai ba ne, Sha'aibu ne mai gyaran agogo. Ga amsarsa kamar yadda na kwafe ta, ban ƙara ko harafi ba:

Allah Ya jiƙan Lawali. Na sani tun ran farko, na yi masa addu'a a masallacinmu. Lawali yana jan dogon ƙarshe kamar mai kiran shanu, kai kuwa kowane dogo naka gajere uku ne cif. Ba wanda yake bugu haka sai ɗan littafi. Ya taɓa gaya mini akwai mutum a hagunsa mai rubuta kome, wanda yake buga cokali yana zaton ba a ji. Ya ce ran da mutumin ya zo, in bi shi a hankali.

Yaya, ashe ka sani? Tun yaushe? Ta katanga ka ji, ko matata ce ta kai ƙarata? Me ya sa ba ka taɓa zolayata da shi ba, kai da ba ka barin abin zolaya ya kwana? Kuma ta yaya mutum yake zuba kamanninsa cikin sauti iri biyu kacal, har wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba ya shaida shi? Na bincika ƙasiduna duka huɗu, babu shafin da ya yi wannan bayani.

Daga nan Malam Nuhu ya yi abin da ya ce masu wannan aiki suna yi wa nasu. Ya kira haruffanka sau uku, sannan ya yi shiru. Na duba agogo, minti ɗaya ne. Ban amsa ba. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar ajiye hannuna a kan cinya cikin wannan minti ba.

Mun yanke shawara. Ba zan ƙara taɓa maɓalli da sunanka ba. Sauraro ba ya bukatar takarda, saboda haka da zarar damina ta sauka zai riƙa bugo labarin ruwa kowace safiya, ko an amsa ko ba a amsa ba, ni kuwa in rubuta in hau keke. Ya ce zai ci gaba da haka har ran da zan amsa masa da haruffan kaina. Na fito da takardar nan, na cika ta da alƙalaminka. Jibi Idi zai kai ni Maradi. Ya ce zai ɗaure ni da igiya a kan buhunan gyaɗa don kada in dire a hanya.

Saura tambaya guda, Allah Ya yafe mini idan ta yi yawa. Ƙasida ta uku ta ce ba duk abin da aka buga yake dawowa ƙasa ba, wani yakan ratsa sama ya wuce, ba ya tsayawa. In haka ne, gaisuwarka ta ƙarshe ga Malam Nuhu tana can tana tafiya har yanzu, da jan dogon nan naka. Ina ta kai ke nan? Tawa ta ƙarya ma tana biye da ita a baya. Na yi murna da ta gaskiya ta bi sawunsu jiya.

Sai mun zo, Yaya. Allah Ya kai haske kabarinka, Ya sa ka huta. Kujerar hagu na bar ta ga mutumin Safo mai tambaya.

Ni ne ƙaninka,
Sha'aibu mai agogo, wanda ka sa wa suna Shafi-Nawa.