Man Gwiwar Inna

Gusau, daren Talata, daminar 1998

Har yanzu hijabina warin abin nan yake yi.

Na je Tsafe karɓo wa Inna man ciwon gwiwa wurin wata mai magani. A mota wata tsohuwa ta yi ta kukan ƙafa, ni kuma uwar tausayi na buɗe kwalba na shafa mata. Wari ya cika motar. Muna isa shingen masu binciken ƙwaya, ɗayansu ya leƙo ya shinshina, ya nuna kwalbar da ke hannuna.

"Malama, mi ke cikin kwalbar ga?"

Na ce man kaɗanya ne. Ya ce da wiwi aka dafa shi. Na rantse ban sani ba, kuma shafawa ake, ba sha ba. Ya ce doka ba ta raba ganyen da mansa ba.

Suka sauke ni bakin titi, ni da nake koyar da matan aure a Islamiyya! Ɗalibaina biyu na cikin motar, sun sunkuyar da kai. Da ƙyar direba ya roƙa, suka karɓe kwalbar suka sake ni.

Na tarar Inna ta naɗe zani zuwa gwiwa tana jirana. Na ce mata mai maganin ta yi tafiya.