Gashin Goshin Auta

Lahadi, 2 ga Maris

Na yi wa Auta sabon kitso, ƙanana sosai. Na tsinto har 'yan gashin goshin nan da sauran masu kitso ke bari a tsaye kamar ciyawa. Ta yi kukanta na kullum ta gama. Gobe in ta shiga makaranta iyayen yara za su tambayi hannun wa ne, kafin Asabar tabarmata ta cika. Kan 'yata shi ne tallata, ba na buƙatar allo a ƙofar gida. Na ga wasu 'yan ƙuraje a gaban goshi da ƙeya. Zafi ne kawai. Na danna musu man kitso.

Talata, 4 ga Maris

Sai susa take yi. Na buge hannun, kada ta tayar mini da aiki.

Alhamis, 6 ga Maris

Malamar ajinsu ta koro ta gida tun kafin a tashi, wai a duba kan yarinya ko makero ne. Makero, a gidana! Na cire ɗankwalin na duba da kyau. Ƙurajen sun yi kai fari-fari, kowanne da silin gashi a tsakiyarsa, sun bi layin kitson kamar jera su aka yi. Na matse manyan, na ƙara mai.

Babansu ya tsaya a bakin ƙofa da kayan garejinsa, ya ce, "Ki sassauta wa yarinyar nan mana. Dubi girarta, a sama take kwana." Na ce masa ranar da na zo gareji na koya masa ɗaure noti, ranar zai koya mini kitso.

Asabar, 8 ga Maris

Babansu ya matsa, mun je asibiti. Na bar mata uku zaune suna jirana, raina a ɓace.

Likitar yarinya ce, da kaɗan ta girmi babbar 'yata. Ta haska kan Auta da 'yar fitila, ta ce, "Wa ke yi mata kitso?" Na ce ni ce, kuma sana'ata ce tun kafin a yaye wasu. Ko a jikinta. Ta ce, "To Mama, hannunki ya yi ƙarfi."

Wai ba makero ba ne. Wai kowane gashi yana da ɗan ramin da yake tsirowa, ja yana yi wa ramin rauni, mai mai kauri ya toshe shi, ƙwayoyin cuta su shiga, sai ya kumbura ya tara ruwa. Matsewar da na yi ma wai yaɗa abin na yi. Ta ce a tsefe kitson yau, a daina man, a riƙa gasa wurin da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a wanke da sabulun da ta rubuta, a shafa maganin. Mataji da kibiya da rigar filo da ɗankwali duk a wanke, kada Auta ta haɗa da kowa. Sannan ta dube ni ido cikin ido ta ce in aka ci gaba da ja, ramukan za su mutu su bar tabo, kuma gashi ba ya sake fitowa a kan tabo.

Na leƙa nata kan ta gefen ɗankwali. Kitson duk ya tashi, kamar kaza ta yi tono a ciki. Wai ita ce za ta yi mini maganar ja.

Lahadi, 9 ga Maris

Mun sayi maganin. Ina shafawa a tsakanin tsaga, ina gasawa safe da yamma. Amma kitson yana nan daram. Ko mako bai rufa da kyau ba, aikin wuni guda, in tsefe saboda 'yar fitila? Magani ai ba ruwansa da kitso.

Laraba, 12 ga Maris

Na ƙeya sun fara bushewa. Ka ji fa. Na goshi ne suka ƙi, gefen dama ya yi tsini ya yi ja. Auta ta koma kwanciya rub da ciki, wai filo yana cizon ta. Babansu kuwa sai ajiye kwanon abinci yake yi da ƙarfi. Ya ajiye, ba nawa ne zai fashe ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ina goge mata goshi da tsumma, kitson farko na gefen dama ya biyo hannuna. Gaba ɗayansa, har saiwa. Wurin ya rage fili, ja, kamar faɗin babban yatsana.

Auta ba ta ma yi kuka ba. Cewa ta yi, "Umma, kada ki yi fushi, ba ni na taɓa ba."

Na tsefe duka. Ba don likita ta ce ba, don ya riga ya lalace ne.

Litinin, 17 ga Maris

Uwar 'Yan Biyu ta kawo yaranta, ta tarar da kibiyoyina da mataji cikin ruwan zafi, ga Auta da kai a tsefe tana shan iska. Ta ƙura wa filin nan ido, ta ce, "Ikon Allah. Ashe shi ya sa nawa sai sun sha maganin ciwon kai ranar kitso." Ta ja su suka fita, wai ta tuna tana da unguwa.

Ita ce fa kullum mai cewa, "Ja da kyau, ya yi mini wata, ba ni da lokacin zarya." Dukansu haka suke cewa. In ya tashi da wuri su ce hannunki ya mutu, in ya kama su ce ke muguwa ce. Kafin magariba na san labari ya gama layinmu. Su yi ta yi, ba wanda ke ciyar da ni.

Alhamis, 20 ga Maris

Ƙurajen sun kwanta, susa ta tsaya. Filin yana nan.

Talata, 25 ga Maris

Na tsaya gaban madubi ina ɗaura ɗankwali, sai na tsinci kaina ina kallon nawa goshin. Tun ina 'yar makaranta ake tsokanata da Mai Goshi. Inna ta ce gado ne, haka matan gidanmu suke. Ita ma mai kitso ce, a cinyarta na koya, kuma ba a taɓa jin kitsonta ya tashi ba.

Gado ne. Na ɗaura ɗankwalina na fita.

Asabar, 29 ga Maris

Mun koma. Likita ta ce ciwon ya warke. Na tambaye ta filin fa, na yi kamar tambayar wucewa ce. Ta sake haskawa, ta daɗe, ta ce akwai alamar tsiro a gefe-gefe, tsakiyar kuwa sai an jira watanni, ba za ta yi mini alkawari ba. Ta ce za a iya kitso manya-manya, sakwa-sakwa, a bar gashin gaba ya huta.

Za mu fita likitar ta ce, "Mama, an ce babu kamarki a tsaga. In na samu hutu zan kawo kaina." Na ce ta zo, amma ni ba na rangwame.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Gobe Auta za ta koma makaranta, ba za ta tafi da kai kamar an kore ta ba. Na kira ta. Ta zo tana jan ƙafa, ta zauna ta ƙanƙame gwiwata da hannu biyu tun ban taɓa ta ba, ta runtse ido. Ban taɓa lura haka take zama ba.

Manya na yi, guda shida, irin waɗanda nake yi wa wasu dariya a kansu. Gashin goshi na bar shi a tsaye yadda ya ga dama. Ba wani abu ba ne, yatsuna ne ke ciwo kwanan nan. Sau biyu hannuna ya ɗauko ja da kansa, sai na warware na sake.

Ina tsakiyar na huɗu na ji kanta ya yi nauyi a cinyata. Barci. Duk shekarun nan, babu yaron da ya taɓa yin barci a hannuna.

Da na gama na daɗe ban motsa ba, har ƙafata ta yi sanyi. Can ta farka, ta sake kama gwiwata, ta runtse ido ta ce, "Umma, na shirya, ki fara."