Dokin marigayi

Litinin, 9 ga Nuwamba, 1931
Ma'aikatan gwamnati sun kwashe tumakin da suka rage, wai na gonar gwamnati ne yanzu. Saura dokin mijina Tursinbek da muka ɓoye a kwazazzabo. Ranar da ya rasu ni na yanke wa dokin wutsiya da hannuna, yadda al'adarmu take. Ba a hawansa, ba a taɓa shi, sai mai shi ya shekara a ƙasa a yanka a yi masa sadaka. Saura wata bakwai. Wata bakwai, ya Allah!

Juma'a, 13 ga Nuwamba
Kenje ya zo da jan ƙyallen ma'aikatan gwamnati ɗaure a hannu. Ƙanin mijina, wanda na yi wa wanka yana yaro, yau shi ke bi tanti-tanti yana neman dabbobi.
"Matar yaya, ina dokin?"
"Je kabari ka tambayi yayanka."
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Surukata Apa ta tofa yawu gefen takalminsa. Ya san wurin, wallahi ya sani.

Alhamis, 3 ga Disamba
Gero ya ƙare. Mun dafa fatar shimfiɗa.

Asabar, 19 ga Disamba
Ƙafafun Ulbala sun kumbura. 'Yata ta daina kuka ma, kallona kawai take yi. Na yi wa Apa maganar yanka dokin a hankali. Ta ce, "Ɗana zai tashi ranar kiyama a ƙasa, ba doki, kamar bawa? Ki fara yanka ni." Na so in shaƙe tsohuwar nan. Na fita na tsaya cikin ƙanƙara har raina ya sauka.

Laraba, 6 ga Janairu, 1932
Na tare Kenje a bakin rijiya, na roƙe shi ya yanka dokin. Mace ba ta yanka.
"Kin san in an gane, kurkukun Siberiya za a kai ni?"
"Na sani. Ulbala 'yar yayanka ce."
Ya ce in wasa wuƙar Tursinbek, tasa gwamnati ce ta ba shi.

Lahadi, 10 ga Janairu
An yanka dokin. Kenje zai ce kyarkeci ne ya ci. Ulbala ta sha romo, ta nemi ƙari. Apa ta riƙe kwanonta har ya huce, tana kallon bango, sannan ta shanye. Ba ta tambaya ba.
Na zaci zan yi kuka. Tursinbek, ka yafe mini, daɗi na ji.